Tunkiyar ɗiyata da makiyayinta na Manhattan

Shekarun baya, lokacin ɗiyata ta fari tana aji uku a firamare, na taɓa raka mahaifiyata wani ƙaton shago a tsakiyar Manhattan, da samira cike da dambun nama a hannunmu, wai za mu je gaida makiyayi. Jiya ina kwashe tarkacen saman durowa na ci karo da wata tsohuwar tunkiyar wasa mai ido ɗaya, na zauna bakin gado ina dariya ni kaɗai har da hawaye. Shi ne na ce bari in ba ku labarin, ku taya ni.

Mu 'yan Maradi ne. A gidanmu akwai wata al'ada da ban san ko wasu gidaje suna yi ba. Duk ɗiya macen da aka haifa, ranar suna kakarta ta wajen uwa za ta ba ta tunkiya, kuma ba kowace tunkiya ba, sai daga zuriyar wadda ita ma tata kakar ta ba ta. Ana kawo igiyar a sa a tafin hannun jaririya, ta damƙe, kaka ta ce, "Ga taki, Allah ya sa mata albarka." Daga ranar ta zama tata. Uba ba ya da ikon sayarwa, uwa ma haka. Ko da buƙata ta taso, sai an kira mai dabba, ko shekararta biyar ce, a miƙa mata igiya a tambaye ta. In ta miƙo igiyar an sayar, in ta riƙe magana ta ƙare. Ni kaina tumakina ne suka saya min keken ɗinki, daga baya suka cika kuɗin jirgin da ya kawo ni wurin maigidana.

Da na haihu a Harlem, mahaifiyata, wadda muke kira Inna, ta zo min jego. Kafin ta taso ta zaɓi tunkiyar da ta fi kowace kyau a cikin nata, ta kai kasuwa ta sayar, ta ƙulle kuɗin da igiyar a jaka, da niyyar in ta sauka ta sayi wata a nan, don yarinya ta tashi tana ganin abinta. 'Yan uwanta sun hana ta, sun ce za ta yanke abin da aka gada tun kakar kakarsu. Ta ce musu albarkar za ta bi kuɗin da igiyar. Inna in ta ƙudura abu, sai dai a matsa mata ta wuce.

Ta iso ta tarar da mu a can saman bene, a gidan da ko kyanwa mai gidan bai yarda a ajiye ba. Ta leƙa taga ta ga ba ko tsakar gida, sai ƙarfen tsani da tantabaru. Ta juyo ta ce min, "To ina ake ɗaure dabba a garin nan?" Na ce ba a ɗaurewa. Ranar Inna ta zauna da igiya a cinya tana murza ta.

Maigidana direban tasi ne. A lokacin shi da abokansa sun kamu da wata sabuwar sha'awa, wato sayen hannun jarin kamfanoni. Wani abokinsu mai shagon aika kuɗi ne ya koya musu a kwamfuta, in sun haɗu cin abinci a titi na 116 ba su da hira sai wannan ya hau, wancan ya sauka. Da ya ga halin da surukarsa take ciki, ya durƙusa gefenta ya ce, "Inna, akwai abin da ke haihuwa a garin nan ba sai an kafa masa turke ba." Ya yi mata bayani a hankali, cewa mutum yana sayen ɗan yanki na kamfani, in kamfanin ya ci riba a gutsuro masa nasa.

Inna ta ce, "Wa ke kiwonshi?"

Ya ce masu kamfanin.

"Yana ramewa?"

"Yana ramewa, Inna."

"Yana mutuwa?"

Ya ce, "Wani lokacin."

Ta ce, "To ai dabba ce."

Saura zaɓen kamfani. Ya lissafo mata na mai, na waya, na banki. Banki ta ce a kai shi can, ba ta haɗa jikarta da kuɗin ruwa. Sauran kuma ba su shiga ranta ba. Tana cikin gyara wa jaririya kwanciya ta tsaya tana kallon bargon da na saya a Canal Street wurin wani ɗan garinmu, mai zanen wata farar tunkiya tana murmushi. Ta ce, "Wannan ta wace ce?" Maigidana ya ce ta wani kamfani ce mai yin finafinan zane na yara, suna kuma da manyan wuraren wasa can kudancin ƙasar, masu lilo da jirage da otal, mutane daga ko'ina suna biya su shiga. Inna ta ce, "Su dai sun san tunkiya. Saya a nan." Haka aka saya da sunan yarinya, ranar suna aka sa mata igiya a hannu, ta damƙe gam. Sunan Inna aka sa mata, shi ya sa har Inna ta koma ga Allah ba ta kiranta da komai sai takwara.

Jegon da aka zo yi na wata uku ya koma shekaru. Ni ina fita aikin kula da tsofaffi a gidajensu, Inna tana riƙe da yarinya. Duk lokacin da kamfanin ya raba riba, maigidana ya nuna mata, sai ta tafa hannu ta ce, "Ta haihu!" Ta soya masa ta raba wa yaran maƙwabta sadaka, ta kuma sa a mayar da ribar cikin jarin, don a cewarta 'ya mace ba a fitar da ita daga garke. Wallahi ribar ko man da ta soya masar ba za ta saya ba. Amma wa zai faɗa mata?

Abu ɗaya ne ke damunta a zaman. Takwararta tana ƙarama bakinta Hausa ne zalla, har da irin karin Inna. Tana shiga makaranta, abin ya juya. A yi mata magana da Hausa ta ji sarai, amma ta amsa da Turanci. Inna kuwa Turancinta bai wuce gaisuwa da godiya ba. Gado ɗaya suke kwana, kwano ɗaya suke ci, amma in suna hira kamar an kunna rediyo biyu a ɗaki ɗaya. Mun yi faɗan, mun yi lallashin, yarinya ta ce yara suna mata dariya. Inna ta taɓa ce min tana ninke kayan wanki, "Takwarata ta tafi ta bar ni, ga ta kuma a gabana." Maganar ta daɗe tana min ciwo.

Ana nan ana nan, wata rana maigidana ya dawo da rana tsaka, abin da ba ya yi, waya a hannu, allon duk ja. Ashe kamfanin ne ya ba da sanarwar zai zuba maƙudan kuɗi wajen faɗaɗa wuraren wasansa, sabbin filaye, sabbin otal, aikin da zai ɗauki shekaru, kuma kafin nan an dakatar da rabon riba. Manyan masu zuba jari da suka sa ran a ƙara musu, sai ga shi an ce su jira. Ransu ya ɓaci, suka shiga sayar da nasu, farashi ya yi ta gangarowa. A titi na 116 ba a maganar komai sai wannan. Maigidana ya sayar da ɗan abin da shi ma yake da shi a kamfanin a ranar, ya ce na yarinya ma a fitar a kai wani wuri tun bai ƙarasa narkewa ba. Ni da ban san komai a harkar ba sai dai na san ja ba alheri ba ne, na ce ai kuwa gaskiyarka.

Inna ta sa aka maimaita mata. Ta ce, "Bana ba haihuwa?" Ya ce babu. "Baɗi fa?" Ya ce sai abin da Allah ya yi. Ta tashi ta shiga ɗaki.

Kwanakin da suka biyo baya ban ji daɗinsu ba. Matar da in ta tashi da asuba kowa a gidan ya tashi, ta koma shiru. Tuwo sai ta tsakura ta ture. Na ji ta tana sauraron saƙon murya daga ƙanwarta ta Maradi, ban san ta inda labari ya kai can ba, ana ce mata, "Ai mun faɗa miki, Yaya." Ta saurara har sau biyu. Da na matsa mata wata safiya, ta ce min, "Abin da aka riƙe tun kakar kakata, a hannuna zai ƙare. Na ba yarinya iska, na ce mata tunkiya ce." Na ce Allah zai kawo sauƙi.

Can ta ɗago ta ce, "Kuma laifina ne. Shekara nawa dabba tana hannun mutum, ban taɓa zuwa na gaishe shi ba? Ko kanwa ban aika mishi ba."

A gida haka ake yi. In tumakinka suna wurin Bafulatani, rani ya yi, za ka ɗauki dusa da kanwa da ɗan sukari da shayi ka je ruga, ka gaishe shi, ka ga dabbarka da idonka, ka ji damuwarsa. Ba a zama gida ana jiran 'ya'ya kawai. Na san wannan, amma da na gane inda ta dosa, dariya ta ƙwace min. Na ce, "Haba Inna, ba mutum ba ne fa, kamfani ne."

Ta harare ni. "Aljanu ne ke aiki a cikin kamfanin?"

Da maigidana ya ce to a ba yarinya igiya a tambaye ta a huta, Inna ta ce sam, ba a tambayar yaro ya sayar da abin da bai taɓa ganin mai kiwonsa ba. Ya ce wuraren wasan suna da nisa, sai an hau jirgin sama. Da ya tsaya nan da an wuce wurin. Sai bakinsa ya suɓuce ya ce iyakar abin da suke da shi a nan wani babban shago ne a tsakiyar gari, inda suke sayar da kayan wasa. Yana ganin yadda idon Inna ya yi haske ya ɗauki makullin mota, wai fasinja na jiransa. Har yau ban yafe masa wannan gudun ba.

Kanwa da dusa dai ta yarda ba su dace da mutanen birni ba, ta ce dambu za a yi. Ta sa na sayo naman sa a wurin mahaucinmu, ta dafa, ta zauna da ɗan turminta tana daka har maƙwabcinmu na ƙasa ya buga mana silin da tsintsiya. Ta soya shi ya yi wara-wara, ta zuba yaji irin na mutanen da ba sa tsoron Allah. Ranar Asabar ta ɗaura zanenta na Sallah, ta yafa babban mayafi, ta sa igiya a jaka, ta sa aka yi wa takwararta kitso.

A cikin jirgin ƙarƙashin ƙasa na faɗa mata gaskiyata. Na ce, "Inna, zan kai ki har ƙofa, amma ba bakina. Ni ba zan tsaya gaban Turawa in ce mun zo gaida makiyayi ba, kunya za ta kashe ni."

Ko kallona ba ta yi ba. Ta ce, "Wa ya sa ki? Mai dabba ce za ta yi magana." Ɗiyata ta zaro ido ta dube ni, ni kuma na ƙura wa taswirar jirgi ido kamar yau na fara ganinta.

Shagon kuwa, tabɗi! Kiɗa, fitilu, baƙi 'yan yawon buɗe ido ko'ina, ga wani bango guda daga ƙasa har sama ba komai sai tumakin wasa masu murmushi. Inna ta nufi can kai tsaye, ta ɗauko ɗaya, ta tattaɓa gadon bayanta, ta ɗaga leɓenta wai za ta duba haƙora. Ta ce, "Ba laifi." Daga nan ta je gaban mai gadi, wani dogon baƙin mutum, ta yi masa cikakkiyar sallama, ta ce wa yarinya, "Gaya mishi mai gidan muke nema."

Ni a lokacin na riga na sulale bayan wata kanta ta kofunan shayi, na ɗauki ɗaya ina jujjuyawa kamar mai duba farashi. Ɗiyata ta waiga ta neme ni, na sunkuyar da kai. Da ta ga ba mafita, ta faɗa masa da Turanci, murya can ƙasa. Ya dubi Inna, ya dubi samira, ya yi magana a 'yar rediyonsa.

Wadda ta fito manajar shagon ce, mace sa'ata, makullai rataye a wuya, gajiya a fuska, Turancinta da karin mutanen tsibiran nan masu jin Sifaniyanci. Ina tsammanin ta zaci ƙorafi aka kawo. Inna ta gyara tsayuwa ta fara daga farko. Ina kwana, ina gajiya, ina aiki, ya iyali, ya ɗawainiya, ya aka ji da rani. Yarinya tana juyawa ɗaya bayan ɗaya, matar tana amsawa tana ƙifta ido. To ga inda gizo yake: amsar matar dole ta koma wurin Inna, ga shi ni Mama na ɓuya. Inna ta tsaya tana jira. Ɗiyata ta murza gefen rigarta, ta ce, "Kaka... ta ce... lafiya lau."

Jama'a, rabona da jin Hausa a bakin yarinyar nan har na manta. Harshen ya karkace, ya fito da ƙyar, amma ya fito. Inna ba ta nuna ta ji wani sabon abu ba, ta ci gaba da maganarta. Ni da ke leƙe ta tsakanin kofuna na ga yadda ta damƙe bakin mayafinta.

Ta ce a faɗa wa matar yarinyar nan tana da dabba a hannunsu. Nan ɗiyata ta saki jiki, ta zuba bayani da Turanci fiye da abin da aka aike ta, tunkiyar Maradi, igiya, bargo, duka. Ban san ta riƙe labarin haka ba. Matar ta dafa ƙirji, ta ce ita ma kakarta awaki take kiwo a ƙasarsu, kowace da sunanta.

Sai Inna ta yi tambayar da ta kawo ta. "Tambaye ta, tunda an ce ba haihuwa bana, ciwo dabbar take yi, ko ciki gare ta?"

Matar ta fashe da dariya, ta ga tsohuwa ba wasa take ba, ta nutsu. Ta ce gaskiya ba ta sani ba. Ita kayan wasa take sayarwa, masu yanke irin wannan shawara suna can sama, ba ta taɓa ganinsu ba. An ce musu gini ake yi, an nuna musu hotuna. Ita ma tana da ɗan hannun jari da ake ba ma'aikata, nata ma ya faɗi, kuma an rage wa yaran shagonta lokacin aiki. Ba ta sayar ba, amma ba za ta ce wa kowa kada ya sayar ba.

Na ce a raina yau zan ga yadda za a kwashe wannan a kai Hausa. Ɗiyata ta tattaro kalmomi, ta ce, "Kaka, ta ce ba ta sani ba. Ita ma tana da tunkiya. Tata ma ta rame."

Inna ta daɗe tana kallon matar, ta gyaɗa kai ta ce, "Wannan ba ta ƙarya." Ta buɗe samira ta miƙa da hannu biyu. Matar ta ce dokar aiki ba ta yarda su karɓi abinci ba. Inna ba ta jira fassara ba, ta gane daga hannun, ta ajiye samirar kan tebur ta ja da baya. Mai gadi ne ya raba gardamar, ya ɗebi kaɗan ya jefa a baki. Tari ya sarƙe shi, hawaye shaɓe-shaɓe, yana gama share ido ya sake miƙa hannu. Kafin ka ce me, yaran shagon sun kewaye tebur.

Matar ta ɗauko babbar wayarta ta nuna musu zanen abin da za a gina. Ga tafki, ga jirgin wasa da ke hawa sama ya gangaro, ga wani ƙauye sukutum da aka ware wa tunkiyar nan. Ɗiyata kamar ta shige cikin allon. Inna ta kalla ta taɓe baki ta ce, "Duk wannan garken dabba nawa za su zuba?" Daga ƙarshe matar ta ɗauko tunkiyar da Inna ta duba wa haƙora, ta biya da katinta, ta ba yarinya. Sannan ta tambaya, ina mahaifiyar yarinyar, su kaɗai suka zo? 'Yar albarka ta miƙa yatsa kai tsaye bayan kanta. Na fito ina yaƙe da kofi a hannu, don kunya sai da na saye shi. Yana nan, da shi nake shan shayi.

A hanyar dawowa na tambayi Inna me ta gano. Ta ce, "Ban gane ko ciki ba ne ko ciwo. Amma na sauke nauyi, kuma mai dabba ta gani."

Bayan la'asar maigidana ya dawo, aka shimfiɗa tabarma a falo. Inna ta ciro igiya ta sa a hannun takwararta. Uban ya yi mata bayani da Turanci, kuma tsakani da Allah bai rage komai ba, bai ƙara ba. Ya ce farashin zai iya ƙara faɗuwa, zai iya ƙin dawowa har abada, in an kai wani wurin wataƙila ya fi. Ya juya ga Inna cikin ladabi ya ce, "Inna, ai kin taɓa sayarwa, albarkar ta bi kuɗin. Yanzu ma za ta bi."

Inna ta ce, "Na farko ni na yi, kuma har yau bai bar ni na yi barci mai daɗi ba. Na biyu ba ni zan yi ba." Ta dubi yarinya. "Takwara, kada ki dubi fuskata. In kin miƙa ba zan ji haushi ba. Ni na sa ki a cikin wannan."

Yarinya ta jujjuya igiya, tunkiyar wasa a cinyarta. Ta ce, da Hausarta mai ɗingishi, "Kaka, a gida... in ta rame, ana sayarwa?"

"In ana yunwa ana sayarwa. In ba a yunwa, a jira damina."

"Tana tashi?"

"Wata ta tashi. Wata kuma na taɓa riƙewa, ta mutu a hannuna."

Ni kaina na ƙagu in ji, don na san in igiyar nan ta bar hannunta, Inna za ta ce ba komai, amma ba za ta ƙara zama daidai ba. Yarinya ta dubi ubanta, ta dubi kicin inda miya ke tafasa, ta naɗe igiyar a wuyan hannunta ta ce, "Ai ba yunwa muke ji ba. A bar ta."

Maigidana ya sa waya a aljihu ya ce, "To, mai dabba ta yi magana." Inna ta miƙe ta shiga banɗaki, ta buɗe famfo, ta daɗe ba ta fito ba. Da aka sauke tuwo ranar, sai da ta nemi ƙari.

Kada ku zaci daga nan muka yi arziki. Ina! Farashin ya ƙara faɗuwa, aka yi shekaru ba rabon riba, ginin ma ya wuce lokacin da suka ɗiba. Inda maigidana ya mayar da nasa ya fi kawo amfani, kuma har gobe in an yi baƙi sai ya tuna min. Amma yarinya ta samu aikin yi. Ta dawo daga makaranta ta karɓi wayar ubanta ta duba, ta ruga ɗaki. "Kaka, yau ta ɗan tashi." "Kaka, yau ta kwanta." Daga rahoton tunkiya aka shiga labarin Maradi, daga nan aka shiga gulmar maƙwabta, har ta kai in na shigo ɗakin su yi shiru su kalli juna. Ni aka koma yi wa ɓoyo a gidana.

Da ƙafa ta fara gaza Inna, ta ce a mayar da ita gida, tana so a binne ta kusa da nata. Can ta rasu, Allah ya jiƙanta da rahama. Ba ta ga an buɗe sabon wurin wasan ba. Bayan rasuwarta da kamar shekara, ina kicin ina yanka albasa, ɗiyata ta shigo da waya a hannu, ta tsaya bakin ƙofa ta ce, "Mama, ta haihu." Muka rungume juna muka yi kuka, sannan na jiƙa shinkafa muka soya masa.

In na tuna yanzu, ni ce nake ba kaina dariya, ba Inna ba. Na ɗauka na fi ta sanin garin nan don ina jin Turanci ina hawa jirgi ni kaɗai. Har yau ba zan ce muku ta fahimci kasuwar hannun jari ba, ba ta fahimta ba, kuma ba na ba kowa shawara ya zaɓi kamfani daga jikin bargo. Abin da ta sani shi ne in ka sa dukiyarka a hannun mutane, to akwai mutane a wurin, suna gajiya, suna da iyali, kuma ana gaishe su. Ta tafi neman lafiyar tunkiya, ta dawo da jikarta. Ina kewarta sosai, musamman in na ji ƙamshin dambu.

Watan jiya ƙanwata da ke Bronx ta haifi 'ya mace. Ranar suna mata sun cika falo, ana ci ana hira, amma ni da mai jego mun kasa haɗa ido, don mun san abin da babu, kuma babu kakar da za ta yi shi. Sai ɗiyata, wadda yanzu take ajin ƙarshe a sakandare, ta tashi ta buɗe jakarta ta ciro igiyar nan. Ashe tun ana saura mako ta sa ubanta ya taya ta cire hannun jari ɗaya daga cikin nata, aka rubuta da sunan jaririya. Ta durƙusa, ta buɗe ɗan tafin hannun, ta sa igiyar, jaririya ta damƙe. Ta ce, "Ga taki, Allah ya sa mata albarka." Da karin Inna ta faɗa, sak.

Muna cikin jirgi za mu koma Harlem, idona duk ya kumbura, ta jingina da kafaɗata ta ce, "Mama, ki sayi nama ranar Juma'a. Sabuwar mai dabba ba ta gaida makiyayi ba."

Na riga na yi wa mahauci magana. Wannan karon ni zan riƙe samirar, kuma ba zan je wajen kofuna ba.